Hadari daga Gabas, Ruwa daga Kudu

'Ya'yana, akwai tambayar da nakan yi wa duk yaron da ya zo gaishe ni yana latsa waya: yau daga ina iska take busowa? Yawanci sai su yi murmushi su sunkuyar da kai. Wani ya taɓa ce mini, "Baba, ai iska iska ce." Ban ga laifinsa ba, don ba wanda ya taɓa nuna masa. Amma kakata, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, in ta fito alwalar asuba a gidanmu na cikin ganuwa, kafin ta ajiye buta ta san wace iska ce ta kwana a garin Bauchi. Wannan sanin nake so ku ƙwato, ku haɗa shi da na boko da kuka fi ta.

Ku fara da randa, in har firiji bai kore ta daga gidanku ba. A watan Maris, lokacin da rana ke dukan dutsen Wambai har ka ga kamar yana hayaƙi, ruwan randa sanyi ƙarara yake. Jikin randa yana tsatsafo da ruwa, busasshiyar iska tana lashe shi nan take, tana tafiya da zafin. To wata safiya a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu za ka kamfato ruwan ka ji shi salam, jikin randar jiƙe ya ƙi bushewa. A makon nan gishiri zai dunƙule a kwano, ƙofar katako ta fara cijewa, makaɗi ya riƙa kai gangarsa bakin wuta saboda fatar ta saki. Wankin da ke bushewa kafin azahar sai ya kai la'asar a igiya. Zufar da a da ba ka ganin ta, yanzu ta manne maka riga a gadon baya. Ko ɗigo bai sauka ba, sama fes, amma kakata sai ta ce, "Iska ta juya, a duba indararo."

Abin da take faɗa kyauta shi na biya kuɗin makaranta na koya daga baya. Iska in ta daɗe a kan wani faffaɗan wuri sai ta ɗauki halinsa, kamar rigar da ta kwana a ɗakin girki ta tashi da warin hayaƙi. Irin wannan dunƙulen iska faɗinsa kan kai dubban kilomita, kuma guda biyu ne suka raba Afirka ta Yamma a tsakaninsu. Ɗaya 'yar hamadar Sahara ce, tana zuwa mana daga arewa maso gabas, a bushe, da ƙura. Ɗayar 'yar Tekun Atlantika ce, tana shigowa ta gaɓar Legas da Fatakwal, ta iso mana daga kudu maso yamma ɗauke da laima. Ruwan da ke kwance a madatsar Gubi, wanda kuke tara a famfo, a bayanta ya zo. Su biyun ba sa cakuɗuwa da sauƙi. Akwai iyaka tsakaninsu da ta ratsa tun daga Senegal har Sudan, kuma iyakar ba ta zama wuri ɗaya. A watan Janairu tana can kusa da bakin teku. A Agusta ta wuce Agadas, ta kai wajen digiri 20 arewa. Bauchi tana kan digiri 10 da 'yan kai, saboda haka sau biyu a shekara iyakar nan take bi ta kanmu, da tafiya da dawowa. Bazara, damina, kaka da hunturu, duk labarin wannan zirga-zirga ne.

Rana ce ke jan ta. Wajen 16 ko 17 ga Afrilu, ku kafa taɓarya a miƙe a tsakar gida da misalin ƙarfe sha biyu da minti ashirin, za ku nemi inuwarta ku rasa, don a ranar rana tana daidai tsakar kan Bauchi a kan hanyarta ta zuwa arewa. Duk inda ta gasa ƙasa, iskar wurin takan yi sauƙi ta tashi sama, ta bar gurbi, iskar teku ta kwararo don ta cike shi. Sai dai ba ta zuwa nan take. Shi ya sa zafin da ya fi kowanne, wanda ke kusantar digiri 40, yake riga ruwa isowa.

A littafin jogirafi kun ga taswirar Turai da layuka masu haƙora shuɗi da masu tudu-tudu ja. Masanan Norwe ne a garin Bergen, Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob da ɗalibansu, suka fito da wannan fahimta jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sun ga iskar sanyi ta ƙarshen arewa da iskar ɗumi ta kudu sun ja layi suna ture juna kamar rundunonin da suka gama gani a yaƙi, sai suka kira iyakar da sunan bakin daga. A can bambancin na sanyi da ɗumi ne, kuma ruwan yana zuba ne a kan layin. Namu ba haka yake ba, kuma a nan nake da ƙorafi da yadda ake koyar da ku: yaro zai haddace bakin dagar Ingila ya ci jarrabawa, alhali bai san wanda ke ratsa tsakar gidansu ba. Namu bambancin laima ne da bushewa, kuma ruwa ba ya zuba a kan layin.

Ga dalili. Iskar teku ta fi ta hamada sanyi da nauyi, don haka kutsawa take yi ta ƙarƙashinta, da siffar bakin gatari, siriri a gaba, kauri a baya. A bakin nan kaurinta ba ya kai kilomita guda, busasshiyar iska mai zafi kuma tana kwance a kanta kamar faifai a bakin ƙwarya. Girgije ya taso, ya bugi busasshiyar, ya narke. Ruwan kirki yana can baya da ɗaruruwan kilomita, inda laimar ta yi kauri. Ƙari a kan haka, bakin gatarin ba tafiyar soja yake yi ba. Ya matso da dare, ya ja da baya da rana. Ya ci gaba mako guda, ya koma mako biyu. Randa ba ƙarya take yi ba in ta ce iskar damina ta shigo. Amma shigowar iskar daban, zaman damina daban.

Ni da kaina na sayi wannan darasi da tsada. Shekarar da na fara karɓar albashi na kama gona a hanyar Dass, na sayi irin masara na zamani da buhunan taki, ina ji da ilimina. A ƙarshen Afrilu aka kwana ana tafka ruwa, gari ya waye da ƙamshin ƙasa, shamuwa ta riga ta sauka a kan tsamiya. Na ɗebi yara muka tafi shuka. Dattijon da muke iyaka da shi ya zo ya tsaya yana kallonmu, bai ce uffan ba. Can ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu, bai kai tsawon yatsa biyu ba ya tarar da busasshiya. Ya ɗebo ta ya sake ta a hankali daga tafin hannunsa, ƙurar ta karkata ta nufi kudu maso yamma. Ya ce, "Malam, wannan ruwan baƙo ne, bai zo da kayansa ba. Ka ga iskar arewa ta dawo." Na yi masa godiya irin ta wanda bai ji ba. Masara ta tsiro kore shar, layi-layi, har ina kai abokai su gani. Kusan mako uku sama ba ta sake ɗigo ba. Ganyen ya naɗe kamar tabarma, ya yi fari, ya kwanta. A Yuni na sake sayen iri, da bashi, dattijon kuwa ya ara mini yaransa ba tare da ya tuna mini da maganarsa ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Daga baya na ga masana sun sa wa maganar dattijon lamba. A cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT da ke kusa da Yamai, wani masani mai suna Sivakumar ya fitar da ƙa'ida a 1988: a ce damina ta kama in an samu ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fashin da ya wuce kwana bakwai ba cikin kwana talatin da suka biyo. Rabin farko kowa zai iya aunawa. Ku samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, ku ajiye shi a fili nesa da bango da bishiya, da safe ku tsoma rula. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Rabi na biyu shi ne mai wuya, don yana gaba, kuma nan ne sanin iska yake shiga: in bayan ruwan iska ta zauna daga kudu maso yamma dare da rana, raɓa tana kwanciya da asuba, to akwai fata. In ta koma arewa, leɓe ya fara bushewa, ku riƙe irinku. Gero yana da haƙuri, shi ya sa manoman Azare da Gamawa, inda ruwan shekara yake wajen milimita 700, suke iya yin binne su jira. Masara ba ta yafiya. Kuma kada ɗan Bauchi ya ga an yi shuka a Toro ko Bogoro ya ce shi ma lokaci ya yi. Gindin tsaunukan Jos ne can, ruwansu ya fi namu yawa kuma ya riga namu zuwa.

Yanzu ga abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai ina yaro. In laima daga kudu maso yamma take zuwa, me ya sa hadari yake haɗowa daga gabas? Kowane magini ya san bangon gabas ne ruwa yake ci, shi ake fara yi wa yaɓe. Amsar tana sama. Wajen kilomita uku zuwa huɗu a kanmu akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma duk damina. Iskar ƙasa ta kawo laima, zafin rana ya ɗaga ta ta zama gizagizai masu tsayin da ya kan kai kilomita goma sha biyar, ita kuwa ta saman ta jera su sahu guda ta koro su yamma, da gudun da ya kan kai kilomita 50 a awa. Gombe tana gabas da mu da kimanin kilomita 150. In ɗan'uwanka na can ya ce maka hadari ya rufe su da azahar, kana da wajen awa uku ka kwashe shanya. In daga Alkaleri aka kira, ka tashi tsaye. Ba kowane hadari ne ke bin wannan hanya ba, wani a kan duwatsunmu yake haɗuwa, amma manyan suna bin ta. Wannan amfanin waya ne da ya fi yawancin abin da kuke yi da ita. Wasu daga cikin tawagar hadarin nan ma ba sa tsayawa sai sun fita teku ta Senegal, can su girma su zama mahaukaciyar guguwar da kuke gani a talabijin tana rusa garuruwan Amurka.

Kun san yadda yake isowa. Ana cikin cinikin la'asar a Kasuwar Wunti, zafi ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙasanta ja. Sai wata iska mai sanyi ta bugo, ledoji su tashi sama, masu tumatir su rungumi lema, 'yan acaɓa su watse, kwano ya fara kuka. Wannan sanyin daga cikin hadarin ya faɗo. Ruwan da ke zubowa daga can sama yana ratsa busasshiyar iska, wani ya ƙafe a hanya ya sanyaya ta, ta yi nauyi ta rufto ƙasa, ta bazu gaba kamar an kifar da bokiti a siminti. Ƙaramin bakin daga ne na kansa. Kuma da yake a farkon damina ne iskar tsakiya ta fi bushewa, hadarin Mayu da Yuni ya fi na Agusta mugunta. A tsakiyar Yunin 2018, ana cikin hidimar ƙaramar Sallah, irinsa ya faɗa wa garin nan da yamma. An rasa rayuka, gidaje fiye da dubu suka lalace, turakun lantarki suka kwanta a titi, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jaje bayan 'yan kwanaki. Wanda ya zaga unguwanni washegari ya ga kwano a naɗe a kan bishiya kamar takarda.

Da yawanku za ku gina gida, wasunku ma ku ne za ku zama magina da kafintoci. Iska ba ture rufi take yi ba kawai, tsotse shi take yi sama, in kuma ta samu ƙofa ko taga ta gabas a buɗe ta shiga ta tura daga ciki. Rufin da aka ɗora katakonsa a kan bulo aka danne da ƙusa da fatan alheri, na iska ne. A ɗaure katako da ƙarfe a cikin kankaren linta, kada a bar leɓen kwano ya yi tsawo ta gabas, a dasa dogon yaro ta wannan ɓangare amma ba jikin ɗaki ba. Kuɗin wannan bai kai na fentin da kuke yi wa gaban gida ba. In hadari ya same ku a waje, kada ku fake a gindin bishiya ko jikin tsohon gini ko ƙarƙashin allon talla. Ku ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In lissafin yana raguwa, filin ƙwallo ba wurin zama ba ne.

Agusta ba ta buƙatar dogon bayani. Iyakar ta yi nisa arewa, laima ta yi kauri a kanmu, sai marka: ruwa ba hayaniya, kwana da kwanaki, katangar ƙasa ta jiƙa ta zauna, kogunan arewacin jiha su cika su yanke hanya. A Oktoba iyakar ta sake bi ta kanmu, kuma dawowarta ta fi tafiyarta sauri. Hadarin kaka ya yi ta rugugi, sau da yawa ba abin kirki, wata safiya kuma ka tashi ka ji hanci ya bushe.

Hazon da ke rufe dutsen Warinje a Disamba da Janairu yana da gida. Yawancinsa daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi na zamanin da yake kamar teku. Farar ƙurar, ragowar ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. In iskar sanyi ta Turai ta ƙetaro Bahar Rum ta taru a kan Libiya, sai ta matso kudu ta kutsa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a bakin indararo, ta kwashi ƙurar, bayan kwana ɗaya ko biyu mu tashi ba ma ganin ƙarshen layinmu. Ashe bakin dagar littafinku yana taɓa mu, ta bayan gida. Wata ƙurar har teku take ƙetarewa ta zama taki a dajin Amazon.

Abin da nake so ku riƙe game da wannan iska ba kaushi da faso ba ne. Ita ce iskar sanƙarau. Bushewa da ƙura suna raunata cikin hanci da maƙogwaro, cutar ta samu ƙofa, cunkoso a ɗaki mara taga ya yaɗa ta. Tana tsananta daga tsakiyar rani zuwa bazara, ruwa na sauka kuma sai ta lafa. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, Bauchi na cikin jihohin da suka ji jiki. A 2024 Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. In an zo yi, ku miƙa hannu ku kai ƙannenku. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a watan Maris ba na jira a ga gobe ba ne. Haka kuma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki cikin sanyi yana kashe mutum yana barci, ba hayaƙi ba ƙara.

Na san wani zai ce, ruwa na Allah ne, me ya kai mu lissafi? Na Allah ne, ba musu. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa jujjuyawar iska tana cikin ayoyinsa, ayar da aka ce a duba kuwa ba a rufe ido a kanta. Mai hasashen yanayi ba boka ba ne, ba ya da'awar gaibu. Ya auna iskar da ta riga ta taso ne ya ce ga inda ta dosa, kamar wanda ya hango ƙurar shanu ya ce Fulani na tafe. Yakan yi kuskure, musamman a kan unguwa ɗaya da awa ɗaya, don hadari na iya jiƙa Yelwa ya bar Fadaman Mada a bushe. Kakanninmu sun sha yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, shekarun da iskar teku ta zo a raunane, ba wanda ya gargaɗe su. Bayan na 1973 ne aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 don sa ido a kan damina. Ku kuwa hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran kamawarta da ɗaukewarta a kowane yanki, sai dai yakan tsaya a taron manya. Wanda ya iya karatu a cikinku ya nemo na ƙaramar hukumarsu ya karanta wa mahaifinsa da Hausa, ya kuma saurari abin da tsohon zai ce a kai, don shi ma yana da nasa ma'aunin.

Ni tun shekarar masarar nan nake ajiye littafi mai bango ja, irin na 'yan firamare. Kowace safiya layi ɗaya: kwanan wata, inda iska ta fito, ko akwai raɓa, abin da rula ta nuna a gwangwani. Wani ƙyalle na ɗaura a kan gora a bayan ɗaki, shi ne duk na'urata. Littattafan sun cika kwali guda yanzu, ido kuma ya fara gajiya da ƙananan layukan rula. Jikata ce take karanta mini lambar tun bara. Rannan ta shigo da butar alwalata ta ajiye, ta ce, "Kaka, ƙyallen ya juya, kuma ruwan randa ba sanyi." Na ce ta ɗauko biro.